Injin wanki mai baki biyu a gidan da ke da 'ya'ya maza: abin da yake iyawa da abin da ke kashe shi

Uwar da ke da 'ya'ya maza uku ko huɗu ta san Asabar ba ranar hutu ba ce. Ga kayan makaranta na mako, ga rigunan ƙwallo, ga wandunan jins da suka sha jar ƙasa, ga tawul da zannuwan gado. Ga kuma kayan Boys' Brigade, da fararen rigunan zuwa sujada washegari, da zanen Zumuntar Mata wanda ba a so ya koɗe. Duk wannan so ake a gama kafin rana ta take, domin da yamma akwai koyon waƙa, ko fareti, ko bikin auren wani a ikilisiya, Lahadi kuwa gidaje da yawa ba sa taɓa wanki. Shi ya sa idan adashi ya zagayo, injin wanki yana cikin abubuwan farko da ke zuwa wa uwa a rai.

Wanda zan yi magana a kansa shi ne mai baki biyu, wato ɓangare ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa. Kusan duk kamfanonin da kayansu ke kasuwanninmu suna yin sa: Haier Thermocool, LG, Scanfrost, Hisense, Nexus, Midea da sauransu, kuma ginin cikinsu kusan ɗaya ne. Hukuncina a kansa: ga gidan da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ruwa kuma sai an ɗebo ko an saya, babu injin da ya kai shi dacewa. Amma ba injin da za ki zuba wa kaya ki tafi kasuwa ba ne. Yana buƙatar mutum a tsaye a kansa, kuma a gidan da ke da samari, wannan mutumin bai kamata ya zama uwa kullum ba.

Dalilin da ya sa ya dace da mu

Na farko, ruwa. Injin da ke yin komai da kansa yana jan ruwa ne daga famfo, kuma yana son ruwan ya zo da ƙarfi. Idan tankinki ba ya sama, ko rijiya kike ja, ko 'yan ga-ruwa ke kawo miki, wahala za ki sha da shi. Mai baki biyu kuwa da bokiti ake zuba masa, bai damu da inda ruwan ya fito ba.

Na biyu, wuta. Agogon da ke ƙidaya masa lokaci na murɗawa ne, babu allon kwamfuta a ciki da hawa da saukar wuta za su ƙone. Wanki ɗaya ba ya wuce minti 15, matsewa minti 5, saboda haka wutar awa biyu ta isa a ci ƙarfin wankin mako. Abu ɗaya da za a lura: idan aka ɗauke wuta ana cikin wanki, agogon yana ci gaba da tafiya har ya koma sifiri, don haka in ta dawo sai an sake murɗawa. Cin wutarsa ma kaɗan ne. Ɓangaren wanki na masu matsakaicin girma yana tsakanin wat 300 zuwa 500, na matsewa bai cika wuce 200 ba. Idan mai wat 400 ya yi minti 15, kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗaya ya ci a mita. Gugar awa ɗaya da dutsen guga mai wat 1,000 ta fi wankin Asabar gaba ɗaya cin kati.

Na uku, gyara. Bel ne, da kafasito mai tayar da mota, da koyil, wato motar da ke juya injin, da waya, da roba. Mai gyaran fanka ko firji na unguwa yakan iya buɗe shi, kayan gyaransa kuma ana samu a manyan kasuwanni.

Girman da za ki saya

Lambar da aka rubuta a jikinsa, kilo 7 ko 8 ko 10, nauyin busassun kaya ce, kuma iyakar ƙarfinsa ce, ba abin da za a riƙa loda masa kullum ba. In ana so kaya su fita, kashi biyu cikin uku ake zubawa. Don a gane lissafin: wandon jins na saurayi yakan kai giram 600 zuwa 800, babban tawul kusan rabin kilo, zanin gado na gadon mutum biyu kusan kilo ɗaya, rigar makaranta giram 150 zuwa 200, zanen atamfa yadi biyu kusan rubu'in kilo. Gida mai mutum biyar zuwa bakwai, mai kilo 8 zuwa 10 ne daidai. Mai kilo 6 zai sa a yi ta zagaye har wuta ta tafi ba a gama ba. Mai kilo 12 ko 13 kuma yana shan ruwa sosai kafin faifan da ke gindin bakin wankinsa ya juya kaya yadda ya kamata, ga cin wuri, ga nauyin ɗagawa.

A duba wani abu da masu shago ba sa faɗa: ɓangaren matsewa kusan kullum ya fi na wanki ƙanƙanta. Lodi ɗaya na wanki sau da yawa sai an raba shi biyu a wajen matsewa. Lambar tana jikin takardar da ke manne a bayan injin.

Yadda wankin ke tafiya

Aikin yana farawa ne tun daren Juma'a, ba safiyar Asabar ba. A ware kaya kashi huɗu: farare, masu haske, masu duhu da jins, sai tawul da zannuwan gado. A zazzage aljihu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan 'yan maza. Ƙusa, murfin kwalba, dutsen gwafa, biro, reza, cingam, takardar baiko da aka manta: duk suna fitowa. Biro ɗaya ya isa ya ɓata fararen riguna biyar, ƙusa ɗaya kuma in ta shige ƙarƙashin faifai za ta kakkarce shi ko ta tsayar da shi. A zuge zif, a juya jins da rigunan ƙwallo masu lamba ciki waje, a ɗaure igiyoyin gajerun wanduna don kada su naɗe sauran kaya. Farare da safa a jiƙa su cikin baho su kwana. Kada jiƙon ya wuce dare ɗaya, musamman lokacin zafi, domin zai yi tsami, warin kuma da wuya ya fita.

Da safe, kafin a zuba ruwa, a tabbata makunnin tsakiya ba ya kan Drain, wato wajen zubar da ruwa, kuma an sauke tiyon fitar da ruwa ya kwanta a ƙasa. Ruwa ake fara zubawa, ba kaya ba. Mai kilo 8 zuwa 10 yana shan jarka biyu zuwa uku ta lita 25 kafin ya kai layin sama. Sai omo: cokalin cin abinci huɗu zuwa biyar ga jarka biyu, a kunna injin minti ɗaya ya narke, sannan a saka kaya ɗaya bayan ɗaya, a warware. Ruwan burtsatse mai gartsi wanda ba ya kumfa da wuri yana son a ƙara cokali ɗaya ko biyu. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Omo in ya yi yawa, ɗauraya ce ke ƙaruwa, ruwa ya ƙare, ragowarsa kuma ta maƙale a yadi ta riƙa sa yara ƙaiƙayi a wuya da cinya. Ruwan ɗumi yana taimaka wa kayan da suka yi maiƙo, amma ban da tafasasshe: jikin injin roba ne, zafin da ya wuce digiri 50 yana lanƙwasa shi yana kashe robobin da ke tare ruwa.

Alamar an loda daidai ita ce a ga kaya suna nutsewa suna tasowa, suna juyawa dama da hagu. Idan na sama sun tsaya cik ana jin injin yana nishi, a rage.

Babbar fa'idar wannan injin, wadda mai yin komai da kansa ba shi da ita, ita ce ruwan sabulu ɗaya yana wanke lodi biyu ko uku. Farare su fara shiga, minti 10 zuwa 12. A tsamo su zuwa wajen matsewa, a zuba masu haske cikin ruwan nan, a ƙara cokali ɗaya na omo, minti 7 zuwa 10. Bayan su masu duhu da jins, minti 12 zuwa 15. In ruwan ya koma kalar ƙasa kafin nan, a zubar, kada a yi rowa, domin dattin zai koma jikin kaya ne. Ruwan ƙarshe kuma ba asara ba ne: a tara shi a baho a wanke tsummokaran goge ƙasa, a kora bayan gida, a wanke tsakar gida.

Ga dabarar da ke rage ɗauraya: a matse kaya minti biyu kafin a ɗauraye su. Yawancin ruwan sabulun zai fita a nan, sai ɗauraya biyu ta minti uku uku ta wadatar, maimakon uku ko huɗu. Masu hannu da yawa a gida suna iya yin ɗaurayar a baho biyu a gefe, injin kuma yana ci gaba da wanki, wannan ya fi sauri nesa ba kusa ba. Da wannan tsari, wankin mako na gida mai mutum shida yana tashi a jarka 10 zuwa 12 a ƙiyasi.

Wajen matsewa shi ne zuciyar injin, kuma shi aka fi ɓatawa. Kwandon yana juyawa fiye da sau 1,000 a minti ɗaya, saboda haka ba ya son nauyi ya karkata gefe guda. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a danna su da tafin hannu su zauna daidai, sannan a ɗora faifan roban nan mai huji-huji da ke zuwa tare da injin, a danna shi ya shige ƙarƙashin bakin kwandon. Wannan faifan ne ya fi saurin ɓacewa a gidaje, alhali shi ke hana safa ko kamfai yin tsalle su faɗa tsakanin kwando da bango, inda za su toshe hanyar ruwa ko su naɗe a sandar juyawa. In aka kunna aka ji kwando yana dukan bango, a kashe nan take, a sake jera kayan. Rigunan makaranta minti biyu sun ishe su, jins da tawul minti biyar. Ba busarwa yake yi ba, amma kayan da ya matse suna bushewa cikin awa ɗaya ko biyu da hunturu, da damina kuma shi ne bambancin yaro ya tafi makaranta da busasshiyar riga ko mai ɗanshi. A garuruwa masu sanyi da yawan ruwan sama irin su Jos da Kafanchan, wannan ɓangaren kaɗai ya biya kuɗin injin.

A shanya a igiya, ba a kan ciyawa ko ƙasa ba. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan kaya masu ɗanshi, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta zama kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan, shi ya sa da damina har kamfai da singileti na ƙanana ya kamata su ga dutsen guga.

Abin da ba ya iyawa

Wuyan riga, bakin hannun riga, hammata, gwiwar wando da tafin farar safa: injin ba ya fitar da su. Sai an goga sabulun wanki na sanda an cuɗa da hannu ko buroshi kafin su shiga. Wanda ya sayi injin da tunanin ya rabu da cuɗa gaba ɗaya zai ji haushi a makon farko.

Tabo ma kowanne da maganinsa, kuma kafin wanki ake yi. Manja: a goga sabulun wanke kwanoni ko na sanda a busasshen yadin, a bar shi minti goma, in akwai saura rana za ta ƙarasa cinye shi a igiya. Jini daga faɗuwar ƙwallo: ruwan sanyi kawai, domin ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Tawadar biro: a ɗiga sifirit, a sa tsumma a ƙasa ya tsotse. Jar ƙasa: a bari ta bushe, a kakkaɓe, sannan a jiƙa. Cingam: a ɗora ƙanƙara ya daskare a ɓanɓare. Hypo ko Jik ga fararen auduga kaɗai, cokali huɗu a bokitin lita 10, minti 10 zuwa 15, a baho ba a cikin injin ba. Fararen rigunan makaranta masu santsi, waɗanda roba ta fi yawa a zarensu, yawan sa musu bilic mayar da su rawaya yake yi, kuma ba sa dawowa.

Akwai kayan da ba na ba da shawarar su shiga ko kaɗan: leshi mai duwatsu, shadda mai maiƙo, kwat, hular Brigade, da duk abin da aka yi wa aikin zare mai nauyi. Faifan da ke juya ruwa yana da ƙarfi, yana naɗe kaya yana jan zare. Zanen Zumunta da sabuwar atamfa a wanke su da hannu da sabulu mai laushi, su kaɗai, a shanya a inuwa ciki waje. Anko ne da mata da yawa ke ɗaurawa tare, na wadda ya koɗe nan da nan ake gane shi a layi. Babban bargo mai nauyi kuma, ko ya shiga bakin wanki ba zai juya ba, in ya sha ruwa nauyinsa zai iya cinye bel ko ya ƙone koyil. Wannan na baho ne da ƙafa.

Bari in tsaya kaɗan a kan zanin gadon mai fitsarin kwance, domin gidan 'yan maza bai cika rasa shi ba. A fara ɗauraye zanin da ruwan sanyi zalla kafin ya ga sabulu, kuma kada a zuba bilic a kan fitsari kai tsaye, haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da ido da ƙirji. A shimfiɗa ledar gado a ƙarƙashin zani, a ajiye zannuwa biyu ko uku na canji marasa nauyi waɗanda ke bushewa da wuri. Abin ya fi yawa ga yara maza, yawancinsu kuma suna dainawa da kansu. Duka da gori a gaban 'yan'uwa ba sa tsayar da shi, ƙara shi suke yi. Yaro yana iya taimakawa wajen cire zanin da kai shi baho, a matsayin aiki irin na kowa, ba horo ba. In ya wuce shekara 7 abin bai ragu ba, ko ya daina ya dawo, ko yana kukan zafi wajen fitsari, ko yana yawan jin ƙishirwa, a kai shi asibiti.

Abubuwan da ke lalacewa da dalilinsu

Yana ƙugi amma faifai ba ya juyawa: ko wani abu ya maƙale a ƙarƙashin faifan, ko kafasito ya mutu. A cire fulogi, a gwada juya faifan da hannu. In yana juyawa sumul, kafasito ne, kuma canza shi aiki ne mai araha. Kada a bar shi yana ƙugin nan ko na minti ɗaya, a nan ne koyil ke ƙonewa. In kuwa ana jin koyil yana gudu amma faifan ya yi sanyi, bel ne ya saki, ko haƙoran da ke riƙe faifan sun cinye, kuma yawan lodi ne ke jawo duka biyun.

Ruwa yana zurarewa ana cikin wanki: yawanci tsabar kuɗi, maɓalli ko zare ne ya tokare robar da ke toshe hanyar fita. Ruwa ya ƙi fita: tiyo ya lanƙwashe ko an ɗaga shi. Injin ba shi da abin tura ruwa, gangara kawai yake bi, saboda haka dole bakin tiyon ya kwanta ƙasa da gindin injin. In rariyar gidan tana da tudu, a gina masa ɗan dandamali na bulo mai faɗi wanda ya daidaita.

Kwandon matsewa ya ƙi tashi: a fara duba murfi, domin akwai makunni a jikinsa da ke yanke wuta in bai rufu sosai ba. Bayan shi sai wayar birki, in ta saki birkin yana riƙe kwandon ko da an rufe. Mafi muni shi ne ruwa ya bi ta robar da ke ƙarƙashin kwandon ya ɗiga kan koyil. Wannan yana faruwa ne idan ana matsewa alhali tiyo yana rataye a sama, ruwan ya rasa hanyar fita ya taru. Kuskure ne da ake yawan yi, kuma shi ne ya fi tsadar gyara.

Sauran maƙiyansa uku ne: ɓera, rana da ƙaramar wuta. Ƙasan wasu a buɗe yake, ɓera ya shiga ya ci waya, don haka a nemi mai rufaffen gindi. Rana tana busar da roba ta farfashe, makunnai su karye, saboda haka in a baranda zai zauna a ɗinka masa riga. Wuta in ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja, a haƙura, ko a sa sitabilaiza. Ƙaramin janareta mai ba da wat 650 yana wahala da shi, domin koyil ɗin wanki tsayawa yake yi ya sake tashi duk bayan 'yan daƙiƙu don ya sauya hannu, kowane tashi kuma yana jan wuta fiye da gudu. Mai kVA 1.5 zuwa sama ya fi, kuma kada a kunna ɓangarorin biyu tare a kan ƙaramin janareta. Bayan lodi huɗu ko biyar a jere, a ba shi hutun minti 15. In an gama, a zazzage 'yar jakar ragar da ke tara gashin kaya, a ɗauraye ciki, a bar murfi a buɗe ya sha iska.

Hannun wa zai riƙe shi

Nan ne nake ganin gidaje da yawa suna asarar rabin amfanin abin da suka saya. Injin ya zo, uwa ta ce kada kowa ya taɓa don kada a ɓata, sai ya zama ita ce dai ke tsaye daga asuba har rana tsaka, samari suna ɗaki ko filin ƙwallo. Alhali wannan injin, da makunnansa uku da matakansa bayyanannu, ya fi komai sauƙin koya wa yaro. Gidan da babu 'ya mace ba shi da wanda za a tura wa aikin, gidan da akwai ta kuma bai kamata a tara mata wankin 'yan'uwanta maza ba. Yaron da ake koya wa a makarantar Lahadi cewa hidima ga wasu ita ce girma, wurin da zai fara gwada ta shi ne bakin bahon gidansu.

Ɗan shekara 5 ko 6 yana iya zazzage aljihu, ya haɗa safa biyu biyu, ya miƙo abin maƙale shanya. Ɗan 7 zuwa 9 ya ware kala, ya cuɗa wuyan rigarsa, ya shanya ƙananan kaya, ya ninke. Daga 10 zuwa 12 ya auna ruwa da omo, ya murɗa agogo, babba yana kusa. Daga 13 ya riƙe wankin gaba ɗaya, har matsewa da guga. A rubuta ma'aunin a takarda a manna a bango kusa da injin: jarka nawa, cokali nawa, minti nawa ga kowane kashi. Yaro in yana da lamba a gabansa ba ya yin kame-kame, uwa kuma ba ta buƙatar maimaita magana. A yi juyi mako mako, wanda ke kan inji wannan Asabar shi ke ɗibar ruwa ta gaba, don kada babba ya mayar da ƙannensa 'yan aike. A fara bayan addu'ar safe kai tsaye in akwai wuta, ƙwallo sai an ga kaya a igiya. Ƙaramin wanki na ranar Laraba, kayan makaranta kaɗai, yana rage wa Asabar nauyi sosai. Uba ma in ya tsaya a wajen lokaci lokaci, ko da jan ruwa ne ko guga, gardamar cewa wanki aikin mata ne ba ta daɗewa a gidan.

Dokoki huɗu ne ba a sassautawa. Ba a sa hannu a kwandon matsewa sai ya tsaya cak: birkin lafiyayye yana tsayar da shi cikin daƙiƙa goma da buɗe murfi, in ya fara wuce haka a daina amfani da ɓangaren har a gyara, domin yana iya murɗe hannu ya karya. Ba a barin ruwa a ciki a tafi in akwai mai rarrafe ko mai koyon tafiya a gida, haka ma baho da bokiti, yaro ƙarami yana iya faɗawa da ka ya kasa fitowa. Ba a taɓa fulogi da jiƙaƙƙen hannu, ba a tsayawa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, soket kuma ya kasance a bango sama da inda ruwa ke fantsama, ba a ƙasa a kan doguwar waya ba. Kuma ba a kwara ruwa a kan wajen makunnai. In aka taɓa jin ruwan ciki yana ɗan jan hannu, a kashe, a kira mai gyara ya duba wayar ƙasa, kada a ce ai kaɗan ne.

Akwai illa ɗaya da injin ke yi wa tarbiyya in ba a lura ba: yaro ya girma bai iya wanki da hannu ba. A makarantar kwana, wadda da yawa ke shiga suna shekara 11 ko 12, babu inji, bokiti ne da sabulu. Saboda haka kamfai, singileti da safa kada su shiga kwandon wankin gida. Kowa ya wanke nasa lokacin wanka, kullum, tun yana shekara 7 ko 8.

Wajen saye

A shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello a Kaduna ko Jos, ko Sabon Gari a Kano, za a tarar da iri iri, kuma farashi yana bambanta daga shago zuwa shago, don haka a zaga uku kafin a biya. A sa su buɗe kwali su kunna a gabanki: faifai ya juya dama da hagu, kwando ya tashi ba tare da dukan bango ba, ya kuma tsaya in an ɗaga murfi. A ƙirga abin da ke ciki: tiyon zuba ruwa, faifan roba na matsewa, jakar raga, littafin bayani, da katin garanti wanda shago ya buga wa hatimi da kwanan wata, tare da rasit. A tambaya ko koyil ɗin na jan ƙarfe ne, domin ya fi na alminiyom jure zafi, kuma ya fi karɓar sake naɗi. Kafin ma a je kasuwa, a tambayi mai gyaran unguwa wane iri ne ya fi samun kayan gyaransa, amsarsa ta fi ta mai shago amfani. Na hannu da ake shigowa da shi daga waje, a duba takardar bayansa: namu volt 220 zuwa 240 ne, mai volt 110 irin na Amurka zai ƙone da zarar an jona shi.

Wadda ke da tanki a sama, wuta mai tsayawa ko sola mai ƙarfi, ga shi ita da maigida suna fita aiki tun safe yaran kuma duk ƙanana ne, mai yin komai da kansa zai fi mata, ko da ya fi tsada da cin kuɗin gyara. Wadda ke ɗaki ɗaya a gidan haya mai rariya ɗaya, ta fara tunanin inda ruwan jarka goma zai bi da inda injin zai kwana kafin ta cire kuɗi. In matsalarta bushewar kaya ce kawai da damina, akwai ƙaramin injin matsewa shi kaɗai, wanda ya fi araha kuma yana shiga lungu.